Kukan da Kunne Bai Ji Ba

A layin gareji da ke bayan kasuwa, idan mota ta gagari kowa sai a ce a kai wa Kunne. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, har katin asibiti an taɓa rubuta masa da Kunne, bai kuwa yi gardama ba. Mai wayarin ne. Shekara talatin da huɗu yana bin wayoyin mota a wata rumfar kwano mai benci ɗaya da wani tebur da ƙunar dalma ta yi wa tabo ko'ina.

Abin da ya ja masa sunan shi ne yadda yake karɓar mota. Ba ya saurin ɗaga bonet. Sai ya sa mai ita ya zauna a sitiyari, shi kuma ya tsaya a gefe, ya rufe ido, ya karkata kai kamar kazar da ta hango shaho, ya ce, "Ba ta wuta." In an murɗa makulli sai ya ɗaga yatsa ɗaya. "Sake." Daga nan ya faɗi ciwon, ya koma bencinsa ya bar mai mota da baki buɗe. Sau tara cikin goma yana dacewa. Na goman kuma yakan ce ai mai motar ne ya yi tari daidai lokacin da bai kamata ba.

Shi ma yana da tasa motar, wata tsohuwa mai ruwan toka wadda ta girmi autarsa da shekara biyu. Yana ji da ita ba kaɗan ba, don ita ce tallarsa. Duk wanda ya yi masa ƙorafin tsufan mota, sai ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ga waccan can. Tambaye ta ko ta taɓa kwana a titi."

Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, tela ce. Gwiwarta ta hagu ta daɗe tana damunta, saboda haka kullum a kujerar baya take zama, ta jingina da ƙofa ta miƙe ƙafar a kan kujera. Mutanen layinsu har tsokana suke yi, wai ta samu direba.

Ranar da abin ya fara, ya kai ta asibiti ne a duba gwiwar. Sun ajiye motar a fili da hantsi, ba su fito ba sai da rana ta take tsaka. Cikin motar ya yi zafi kamar an hura gawayi. Kunne ya murɗa makulli, injin ya juya da ƙarfinsa, gir-gir-gir, amma bai kama ba. Ya sake. Ya kuma sakewa. Mai gadin wurin ya taso daga inuwa yana tambayar ko lafiya.

"Lafiya ƙalau," in ji Kunne. "Kan batir ne ya yi gishiri."

Shi kansa ya san injin da ke juyawa haka ba batir ne damuwarsa ba, amma dole mutum ya faɗi wani abu in mai gadi yana kallonsa. Ya buɗe ƙofofi huɗu don matar ta sha iska, ya ɗaga bonet, ya kwance kan batir ya kankare shi da 'yar wuƙa, ya goge, ya ɗaure. Ya ɗauki kamar minti ashirin yana wannan. Da ya koma ya murɗa, sai ta tashi bugu ɗaya. Ya dubi mai gadi, ya dubi matarsa ta madubi, ya yi mata bayanin gishirin batir tun daga ƙofar asibiti har ƙofar gida, alhali ba ta tambaye shi ba.

Kwana shida motar ba ta sake yin komai ba. A rana ta bakwai ta ƙi tashi a gaban shagon da Maman Auta take sayen zare da yadi. Wannan karon ya ce fulogi ne. Ya kwance su huɗu a bakin titi, ya hura, ya goge, ya mayar, ta tashi. Bayan kwana uku ta sake yi, ya ce kwayil ne, abin da ke ba fulogi wuta, ya canza shi. Ta yi mako biyu lumui, har ya fara ba da labarin a gareji a matsayin darasi, sannan ta sake yi masa a gidan mai, da layin motoci a bayansa suna ta oda.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ciwon ba ya tsayawa a kama shi. Da safe tana tashi tun kafin makulli ya gama juyawa. Da yamma ma haka. In ta ƙi, kafin ya ɗauko fitilar gwaji daga but, ya warware wayarta, ya fara bin layi ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar komai daidai, wuta na zuwa inda ya kamata, motar kuma ta tashi kamar tana yi masa dariya. Famfon mai shi ne abu na farko da kowane ɗan koyo zai zarga, shi ma ya zarge shi. A irin motarsa famfon yana cikin tanki ne, ƙarƙashin kujerar baya, kuma da an buɗe makulli yakan yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu kafin a ba injin wuta. Kunne ya rufe ido, ya karkata kai, ya buɗe makulli, ya gaya wa kansa ya ji kukan. Shekara ashirin da shida yana jin sa, yaya za a yi yau ya ce babu? Sai ya wanke famfo daga zargi, ya wuce gaba.

Maƙwabcinsa a gareji mai faci ne, sa'ansa, abokin wasansa tun suna samari, mutumin da Allah ya hore wa baki. Ranar da motar ta ƙi tashi a gaban rumfar Kunne ɗin kanta, da azahar, a gaban wani kwastoma da ya kawo motarsa daga nesa saboda labarin da ya ji, mai faci na gefe yana kallo. Sai kawai ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya zo ya tsaya a gefen motar, ya rufe ido, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Sake," in ji shi.

Duk layin aka bushe da dariya. Kwastoman ma ya yi, sannan ya tuna yana da wani uzuri a cikin gari, ya ce zai dawo. Bai dawo ba.

"Ka bari in kira yaron nan naka mai kwamfuta," in ji mai faci da aka watse. Yana nufin wani da ya yi koyo a hannun Kunne shekarun baya, wanda yanzu ya zama magidanci mai babban shago da gilashi, yana jona mota da na'ura ta faɗa masa ciwonta.

"Motata ba ta da ramin da zai soka abin nasa," in ji Kunne. "Ko tana da shi ma, ni ne zan kai masa mota? Ni da na koya masa bambancin jar waya da baƙa?"

"To ka kai ta wurin mai wayarin mana. An ce akwai wani gwani a layin nan."

Kunne ya ɗaure fuska ya shiga rumfa. A makon nan ya canza makunnin da makulli ke shiga, ya canza fiyus guda uku da ba su yi laifin komai ba, ya ƙara wayar ƙasa daga batir zuwa jikin injin. Kowane gyara sai motar ta tashi a bayansa, kowane tashi sai ya ce wannan karon kam ya kama ɓarawon. A bayan rumfa ya tara kwali guda na kayan da ya cire, kuma in yana son ya faɗa wa kansa gaskiya, duk lafiyarsu ƙalau.

A gida kuwa wani abu ne daban yake faruwa, wanda shi bai haɗa shi da mota ba ko kaɗan. Maman Auta tana yawan rage masa muryar rediyo, shi yana ƙarawa. Ya lura mutanen zamani sun daina buɗe baki in suna magana, sai dai su yi ta ƙunƙuni a maƙogwaro. Wani ya zo gareji ya ce masa fitilar birki ce ta kawo shi, Kunne ya washe baki ya ce Allah ya sanya alheri, yaushe ne, don shi biki ya ji. Auta, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta taɓa ce masa, "Baba, ka zo a duba maka kunne." Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ni? Ki je layin gareji ki faɗi haka, ki ga ko ba za a kai ki a duba miki kai ba."

Sau biyu ko uku, in motar ta ƙi tashi, yakan ji Maman Auta ta yi wata magana daga baya. Bai taɓa kama ta duka ba, kuma a lokacin ransa a ɓace yake, sai ya ce, "Don Allah ki bar ni in saurari injin." Ita kuwa ba mai maimaita magana ba ce. Sai ta buɗe jakarta ta ɗauko ɗinkin hannu ta ci gaba da abinta.

Ana haka aka ce mahaifin mijin Auta zai zo ganin jikarsa. Tsohon hedimasta ne, dattijo mai sanyin magana da yawan ladabi, wanda tun ranar da aka haɗa su bai taɓa kiran Kunne da wani suna ba sai Injiniya. Mijin Auta ya ce zai aika tasi ta ɗauko shi daga tasha. Kunne ya ce ina, yana da mota a gida za a ɗauko surukinsa da ta haya? Ba a yi haka ba. Da sassafe ya wanke motar, ya sake ɗaure duk abin da ke ɗauruwa, ya tayar da ita sau bakwai, sau bakwai tana tashi.

Bas ɗin ya makara da fiye da awa ɗaya. Sun kulle motar a tsakiyar filin tasha inda babu ko inuwar sanda, suka zauna a rumfar jira. Da Hedimasta ya sauko cikin farar riga ƙal, aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida, Kunne ya karɓi jakarsa da hannunsa ya sa a but. Ya buɗe masa ƙofar gaba. Maman Auta ta shiga baya ta miƙe ƙafa.

Gir-gir-gir. Ba ta kama ba.

"Halinta ne in ta ga baƙo," in ji Kunne yana murmushin da bai kai ciki ba. "Kunya take ji."

"Ai ƙarfe ma yana da nasa ra'ayin, Injiniya," in ji Hedimasta.

Ya sake har sau biyar. Gumi ya fara bin bayan wuyansa. Ba ya son ɗaga bonet a gaban suruki, don ya san babu abin da ya rage a ciki wanda bai riga ya canza ba. Sai ya yafito wasu 'yan dako uku ya ce su ɗan tura. Ya sa giya ta biyu, suka tura, ya saki kuloci, motar ta yi tsalle kamar akuya ta tsaya. Suka sake. Suka zagaya filin tasha sau ɗaya, suka wuce masu sayar da ruwa, suka wuce wurin yankan tikiti, mutane suna matsawa suna ba da shawara. Wani ya ce mai ne ya ƙare, wani ya ce batir. Wani direban bas ya leƙo ya ce, "Baba, ka kai ta wurin Kunne a bayan kasuwa, minti biyu zai gaya maka."

Kunne bai ɗaga kai ba. Ya ce ya gode, zai kai.

A zagaye na biyu ne ya duba madubi ya ga masu turin sun zama huɗu. Ashe Hedimasta ya sauka, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya dafa but yana turawa da gaskiyarsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Kunne ya shige har da motar.

Ya taka birki, ya fito yana rantsuwa da Allah sai Hedimasta ya bari. Aka tura motar ƙarƙashin wata bishiya a bakin katanga, 'yan dako suka tafi, aka buɗe ƙofofi. Hedimasta ya koma kujerarsa yana haki a hankali, irin hakin mutumin da ba ya son a san yana haki. Kunne ya zauna ya kama makulli zai sake gwadawa.

Maman Auta ta miƙo hannu ta taɓa kafaɗarsa, ta ɗaga murya yadda bai saba ji ba.

"Buɗe makullin kawai, kada ka ba ta wuta."

Ya buɗe.

"Kada ka wahalar da batir. Ba za ta tashi ba."

Ya juyo ya dube ta. Don ya nuna mata iyakarta, ya murɗa. Ba ta tashi ba. Suka zauna kamar minti goma, iska na ratsa motar, Hedimasta yana yaba bishiyar.

"Sake buɗewa," in ji ta. Ya buɗe. "Har yanzu." Bayan wani ɗan lokaci ta ce ya sake. Ya sake. "Yawwa. Yanzu ba ta wuta."

Ya murɗa, motar ta tashi bugu ɗaya.

Kunne ya kashe ta. Ya juyo gaba ɗaya a kujerarsa, har gwiwarsa na bugun giya.

"Ke, yaya aka yi kika sani?"

"Kukan mana."

"Wane kuka?"

"Wanda take yi a ƙarƙashina. In ka buɗe makulli takan yi zzz kamar sauro ya wuce, sai ta yi shiru. In ta yi, za ta tashi. In ba ta yi ba, ko garin nan duka za su tura ba za ta tashi ba. Tun ranar asibiti nake lura."

"Tun ranar asibiti! Wata biyu kenan! Me ya hana ki faɗa?"

"Baban Auta, sau uku ina faɗa maka. A shagon zare na faɗa, ka ce in bar ka ka saurari injin. A gidan mai na faɗa, ka ce mini eh, ka san an ƙara kuɗin mai. Na uku ban ma san me ka ji ba, ka dai ce in Allah ya yarda."

Ya fito ya zagayo, ya durƙusa a ƙofar baya, ya kifa kunnensa na dama a kan kujera kusa da ƙafar matarsa, a tsakiyar tasha, mutane na wucewa. Ya roƙi Hedimasta ya buɗe makulli. Hedimasta ya buɗe.

"Ga shi nan, ta yi," in ji Maman Auta.

Kunne bai ji komai ba. Ya juya kunnen hagu, aka sake. Kamar dai akwai wani abu can nesa, kamar kuma babu.

"Hedimasta, kai ka ji wani abu?"

Dattijon ya yi ɗan jim, ana ganin ladabi da gaskiya suna kokawa a fuskarsa.

"To, Injiniya, kaɗan dai. Ba wani mai yawa ba. Daga nan gaba ma da ƙyar ake ji."

Daga nan gaba. Mutumin da ya ba shi shekara takwas yana jin abin daga kujerar gaba, shi kuma da ake kira Kunne ya manna kai a kansa bai ji ba. Ya tashi ya kaɗe gwiwa, ya shiga ya ja motar. Har suka isa gidan Auta babu wanda ya ƙara tayar da maganar, sai Hedimasta da ya ce motar tana da daɗin zama.

Washegari bai je gareji ba. Da hantsi ya fito da motar tsakiyar rana a ƙofar gida, ya ɗage gilasai duka, ya kulle, ya koma ciki ya zauna yana jira. Yanzu da ya san famfo ne ba ya samun wuta, sauran lissafin bai yi masa wuya ba, har ya ji haushin sauƙinsa. Ba ta taɓa ƙi da safe ba. Ba ta taɓa ƙi da yamma ba. Sai in ta daɗe a rufe a cikin rana. Kuma duk gyaran da ya yi ta yi a bakin titi, ba gyaran ne yake tayar da ita ba, buɗe ƙofofin ne. Da ya zauna ya yanke farce na minti ashirin a maimakon kankare batir, da haka za ta tashi.

Da rana ta yi tsaka ya leƙa ɗakin ɗinki. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya.

"Maman Auta, in ba ki da aiki da yawa, ina son ki ara mini kunnenki."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta cire ƙafa daga keken ɗinki, ta biyo shi.

Ta zauna a mazauninta cikin zafin nan. Shi kuma ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje, kai a kusa da birki. A can sama, bayan tarin wayoyi, akwai wani ɗan akwatin roba da bai fi gidan ashana ba, wanda ake kira rile, shi ne yake ba famfon mai wuta in an buɗe makulli. Ya miƙa hannu ya buɗe makulli.

"Shiru," in ji ta.

Ya kashe, ya ƙwanƙwasa akwatin da gindin sukudireba, ya sake buɗewa.

"Ta yi!"

Ya bari ya ɗan jima, ya sake.

"Shiru."

Ya danna akwatin da babban yatsa ya riƙe, ya buɗe.

"Ta yi. Kai, har da ƙarfi."

Suka yi ta haka, ita tana kira daga baya shi yana amsawa daga ƙasa, har maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta ga ƙafafun mutum a waje da mace a baya tana ihun ta yi, ta yi, ta koma ba ta tambaya ba.

Ya ciro akwatin ya kai teburin ɗinki, ya ɓalle murfin. Da ido bai ga komai ba, sai da ta miƙo masa gilashin da take zura zare da shi. A nan ya gani: dalmar da ta riƙe ɗaya daga ƙafafun abin ta tsage, zobe siriri kamar gashi ya zagaye ta. In zafi ya yi yawa sai tsagar ta buɗe, wuta ta yanke. In ya huce ta koma ta haɗe. Ya jona ƙarfen dalma, ya jira ya yi zafi, ya ɗiga ɗigo ɗaya. Don kada a ce bai yi aiki ba, ya bi sauran ƙafafun ma ya sabunta su. Duka-duka bai kai minti biyar ba.

"Shi kenan?" in ji Maman Auta.

"Shi kenan."

"Wata biyu?"

"Na ji. Wannan kam na ji, ba sai kin maimaita ba."

Ya gasa motar a rana kwana uku a jere, kullum tana tashi. A rana ta huɗu ya je gareji, kuma tun kafin mai faci ya buɗe baki ya ba shi labarin da kansa, har da direban bas da turin Hedimasta, don ya san in ya bari labarin ya iso ta wata hanya sai ya ninka. Mai faci ya yi dariya har ya zauna a kan taya yana share hawaye. Da ya nutsu sai ya ce, "Ai mun daɗe da sani. Shekara biyu kenan duk layin nan ihu muke yi maka, kai kana cewa mun fiye hayaniya."

Auta ce ta kai shi wurin likitan kunne, Maman Auta ta raka su. Aka sa masa wani abu a ka aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ya zauna yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Likitar ta ce na hagu datti ne ya toshe shi, za a wanke. Na dama kuwa ya gaji ne, shekara talatin na gwajin oda da ƙarar injin ba wasa ba ne, kuma ƙananan sauti masu siriri su ne suke fara tafiya. Bayan mako biyu aka ba shi wata 'yar na'ura mai kalar fata da ake maƙalawa a bayan kunne. Ya juya ta a hannu, ya tambayi irin batirin da take ci, ya ce aikin wayarta ba laifi.

Da suka fito ya shiga mota ya buɗe makulli, sai ga shi, zzz, daƙiƙa biyu, tsaf. Ya kashe ya sake buɗewa don daɗi. Ya sake. Sai da Auta ta ce, "Baba, ina da aiki da yamma," sannan ya ba ta wuta.

Ba su yi nisa ba fuskarsa ta canza. Wani abu yana ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba ta dama. Wani yana kaɗawa a cikin ƙofa kamar an jefa cokali. Daga baya kuma, duk ramin da suka faɗa, sai wani abu ya yi ƙiii kamar tsohon gado.

"Wannan ƙarar fa? Yaushe ta fara?"

"Wacce daga ciki?" in ji Maman Auta.

"Ta gaba."

"Wannan ai tun kafin auren Auta. Ta ƙofa ta fi ta daɗewa. Ta bayan ce sabuwa, ba ta fi shekara ba."

Ya sa sigina ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya laluba aljihun gaba ya ciro wani tsohon ambulan da guntun fensir, ya ɗora a kan sitiyari.

"To, faɗo su ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "A hankali. Fara da wadda ta fi tsufa."

Maman Auta ta gyara zaman ƙafarta, ta ɗan yi tunani, ta fara da wata ƙara da take fitowa daga ƙarƙashin kujerarsa shi kansa in ya taka birki. Auta ta duba agogo, ta ciro waya ta kira wurin aiki ta ce za ta ɗan makara.